Roƙon Iri a Tafoki

Bazarar bana ta zo da zafinta tun ba a shirya mata ba. Ƙarfe tara na safe ƙarfen taga ba ya taɓuwa, da la'asar kuma hadari ya taso daga gabas ya yi baƙi ƙirin, mata su kwashe shanya da gudu, sai iska ta zo ta watsa shi kamar ba a yi ba. Shekaranjiya na hango shamuwa biyu a kan rimin masallacin unguwarmu, na tsaya da jaka a hannu ina kallonsu har wani mai babur ya yi mini hon. Irin wannan zafi da irin wannan hadari mai rainin hankali su ne suka raka ni a bazarar da na rubuta takardar neman tallafin bincike ta farko a rayuwata, wadda mu a jami'a muke ce wa furofozal. Bambancin kawai, a waccan shekarar azumi ya faɗo a tsakiyar zafin. Yanzu ya ja baya ya shige sanyi, amma ƙananan malamanmu suna yinsa a gaban fanka suna ƙorafin wahala, ni kuwa sai in ƙyale su.

A lokacin ni ma ƙaramar malama ce a sashen nazarin amfanin gona, ban daɗe da karɓar digirina na uku ba. Taurin kai kuwa ina da shi daidai gwargwado. Mahaifina yana cewa daga dangin uwata na kwaso shi, ita kuma ta ce ya duba gidansu tukuna. Wata gidauniya ta fitar da sanarwa cewa za ta ɗauki nauyin binciken matasan malamai a kan abincin da talaka yake nomawa, aka ba da mako huɗu a miƙa takardu. Kowa a sashenmu ya ciro tsohon rubutunsa yana yi masa kwaskwarima. Ni ba ni da komai a hannu, har sai da na tafi gida Ƙanƙara don in fara azumi tare da iyayena.

Na tarar da gidanmu ba masaka tsinke. Dangi daga ƙauyuka sun gudo saboda mutanen daji, ɗakin da nake kwana tun ina 'yar sakandare mata bakwai ne a cikinsa, har rumfar awaki an share an shimfiɗa tabarmi. Sahur ɗumamen tuwo ne da miyar kuka, malmala guda mutum biyu. Rijiyar gidan ta ja ƙasa, guga ya dawo da rabin ruwa rabin laka, sai a juye a randa a jira ya kwanta. Da azahar gidan ya yi tsit, kowa ya nemi inda daɓe ya fi sanyi, mata su jiƙa zane su lulluɓa, kafin a kira la'asar ya bushe ƙamas. Sunan garin dai Ƙanƙara, amma ƙanƙarar da za a jefa a ruwan buɗa baki sai wane da wane. Kunun tsamiya shi ne abin dogaro, shi ma kullum ƙara tsinkewa yake yi, har kana iya hango gindin kwanon ta cikinsa.

A cikin waɗanda suka gudo akwai Gwaggo Tabawa, ƙanwar mahaifina, daga wani ƙauye ta wajen Pauwa. Abin da ta fito da shi bai wuce tabarma da tukunya da wani ƙunshin zangarniyar dawa ba. Ta rataye ƙunshin a saman murhu yadda take yi a ɗakinta, hayaƙi yana dukansa don kada ƙwari su shiga. Kowa a gidan ya san iri ne, ko yara ba sa kai hannu. Ranar azumi na huɗu da la'asar na fito in yi alwala, sai na same ta ta sauke shi, ta kwance, tana sussuka a turmi.

Na ce, “Gwaggo, ai iri ne.”

“Na san iri ne, ni na zaɓe shi zangarniya-zangarniya,” in ji ta, ko ɗagowa ba ta yi ba. “Ina gonar da za ni shuka shi? Mutanen gidan ga mi za su sha in an sha ruwa?”

Na wuce na yi alwalata. Da magariba na sha kunun tare da kowa, kuma gaskiya tun da aka fara azumin ban sha mai daɗinsa ba, abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan. Bayan isha'i Gwaggo ta gaya mini sunan dawar gajera, ja ce, ba ta tsayi, kuma in ruwa ya ɗauke bayan shuka sai ta naɗe ganye ta jira, ba ta mutuwa da wuri. Ta ce asalinta daga Tafoki ne, ta ƙasar Faskari, gidan wani dattijo Malam Isiya, kuma ba a sayar da ita a kasuwa, hannu da hannu take yawo. Nan na ga abin da zan rubuta. In kowace mace da ta gudo ta daka irinta ta yi kunu, to ranar da aka samu lafiya gonaki suna nan amma babu abin da ya san ƙasarsu da za a zuba musu. Na ƙudurta zan nemi tallafin in tattara tsofaffin irin dawa da gero da maiwa na Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, in shuka su, in ajiye, tun kafin yunwa ta cinye su.

Na koma jami'a na duƙufa. Wutar lantarki a lokacin sai ta yi kwana uku ba ta leƙo ba, don haka kullum sai na kai kwamfuta shagon wani mai janareta a bakin ƙofa na yi caji, in dawo in yi tattalin batirin. Bayan sallar asuba nake rubutu, lokacin da kai yake da ruwa. Ƙarfe sha ɗaya in ta wuce harshe ya bushe, haruffan Turancin nan su fara iyo a gabana, in karanta layi ɗaya sau uku ban san me na ce ba. Fom ɗin gidauniyar yana da ɗakuna kamar gidan haya: manufa, hanyar aiki, jadawalin watanni, amfanin da jama'a za su samu, kowane da iyakar kalmominsa. Na cike su duka, na goge, na sake cikewa. A kanun takardar na jera sunayen ƙananan hukumomin nan uku da manyan baƙaƙe.

Kafin a aika, dole ofishin kula da bincike na jami'a ya sa hannu. Shugaban ofishin wani Farfesa ne mai fara'a, ba mugun mutum ba ne, shi dai ba ya son abin da zai dawo masa da tambaya. Ya karanta a gabana yana gyaɗa kai, ya ce aiki ya yi kyau, abu ɗaya ne kawai. In cire sunayen wuraren nan in sa ƙauyukan da ke kusa da jami'a. Ya ce babu gidauniyar da za ta ɗauki nauyin aiki a inda wakilinta ba zai iya zuwa dubawa ba, kuma dawa ai dawa ce a ko'ina.

Na ce masa, cikin ladabin da ya rage mini, dawar kusa da jami'a ba mai daka irinta don yunwa, in na canza wurin ban san me zan ceto ba. Ya dube ni ta saman tabarau, ya ce to shi ke nan, in kawo masa takardar amincewar mutanen wuraren, guda uku, da sa hannu, zuwa Larabar makon rufewa, tunda ranar Juma'a ƙarfe huɗu ake rufe karɓa. Ya faɗa yana murmushi irin na wanda ya gama da magana. Na fito raina a ɓace, amma na ce ko da rarrafe ne sai na kawo.

Na ɗauki samfurin takardar amincewar da gidauniyar ta bayar, na mayar da shi Hausa da kaina, ina jin kaina Bahaushiya 'yar Bahaushe, wa zai koya mini yarena. Ta Ƙanƙara ba ta ba ni wuya ba, shugaban wata ƙungiyar manoma abokin mahaifina ne, ya sa hannu bai ko karanta ba. Ta Sabuwa wani direba na ba, bayan kwana biyu ya dawo da ita da sa hannu tana warin fetur. Saura Tafoki, inda gajera take, kuma can na ce da ƙafata zan je. Na samu wani mai sayar da hatsi da ke cin kasuwar yankin, na ba shi saƙo ya gaya wa Malam Isiya cewa ranar Talata wata Dakta daga jami'a za ta zo bincike.

Ranar Talata na fita bayan asuba. Mota ta ajiye ni a bakin hanya, sauran tafiyar ta babur ce, wani magidanci mai suna Sale ya ɗauke ni bayan ya yi mini kallon sama da ƙasa ya tambaye ni ko mutanen gidanmu sun san inda na nufa. Gonakin da ke kusa da gari an share su, ga tarin taki nan jere, har na ga mutum biyu suna binne, wato shuka a busasshiyar ƙasa kafin ruwa ya sauka. Na nesa kuwa karan bara yana nan a tsaye, sabara da ƙaya sun fara cin su. Iskar da ke dukan fuskata zafi gare ta kamar ta bakin murhu, leɓɓana suka tsage, ina jin gishirin gumi a idona. Da muka shiga gari sai na lura ba ƙarar turmi ko ɗaya, alhali hantsi ne. Rumbuna da yawa an ɗage musu jinka, bakinsu a buɗe, ba komai a ciki. Sale ya sauke ni ya ce yana gindin tsamiya, amma in sani shi ba ya kai la'asar a wannan hanya.

A zaure na samu Malam Isiya, dogon tsoho siriri mai farin gemu, da wasu dattawa huɗu. Na durƙusa na gaishe su, suka amsa a taƙaice, ba wanda ya tambaye ni hanya ko azumi. Ni da wautata sai na ɗauka nauyin 'yar boko suke ji. Don in sauƙaƙa musu na ciro takardata na gyara murya na fara karantawa da ƙarfi: mu mutanen Tafoki mun amince a gudanar da bincike a gonakinmu da rumbunanmu, kuma za mu ba da sunayen magidanta da yawan abin da kowa ya ajiye. Ban kai ƙarshen layin ba na ji abin da bakina yake faɗa. Na tsaya cak.

Malam Isiya ya nuna ƙyauren zauren da haɓarsa. An ɗaure shi da waya a wuri biyu.

“Ɗiyata, waɗanda sunka zo bincike bara su sunka yi ma ƙyauren ga haka, wai suna neman masu kai rahoto daji. Bayansu wasu sunka aiko a bincika masu wa ke da rumbu nawa, da anka gama ƙidaya sai ga haraji. Ke kuma taki ta zo da takarda.”

Ɗaya daga cikin dattawan ya ƙarasa mini sauran. Tun ranar da saƙona ya iso gari bai zauna ba. Kwana biyu maza da mata suna kwasar hatsi daga rumbuna da azumi a bakinsu, a cikin wannan rana, suna ɓoyewa a ramuka da ƙarƙashin gado. Magidanta biyu sun bar garin gaba ɗaya, don sun taɓa shan duka a irin wannan zuwa. Wata tsohuwa ta faɗi a wajen kwasar, sai da aka ba ta ruwa ta karya azumi. Duk saboda kalma ɗaya da na aiko, kalmar da ke rubuce a ƙofar ofisoshinmu, wadda nake faɗa sau ashirin a rana ban taɓa jin nauyinta ba.

Kunya ta rufe ni, har na ji da ma ƙasa ta tsage in shige. Bayan kunyar sai fushi ya taso, fushin kaina da na Farfesa da na wanda ya tsara fom ɗin nan a inda rumbu ba ya jawo wa mai shi bindiga. Dattijon da ya ba ni labarin ya ce in tashi in kama hanya tun rana ba ta juya ba, ba su riƙe ni da komai ba. Na ƙi tashi. Na yayyaga takardar a gabansu, na tura guntayen a jakata, na ce ba zan tafi ba sai sun ji abin da ya kawo ni, in sun ji su kore ni. Na ba su labarin Gwaggo Tabawa da turminta, da kunun da na sha. Ina magana ina kuka, ban damu ba.

Ashe Malam Isiya ya san Gwaggo, shi ya ba mijinta gajera da hannunsa shekaru da yawa da suka wuce. Ya sunkuyar da kai ya daɗe yana jan carbi. Sannan ya tambaye ni, in an cire Turanci da takarda, ni me nake so a wurinsu. Na ce iri nake so, in shuka a inda ba za a ƙone shi ba, don kada ya ƙare.

“To ki ce roƙon iri kinka zo yi mana,” in ji shi. “Mi ya kai ki ga wata kalma?”

Wani dattijo mai haƙori ɗaya a gaba ya ce shi dai a saninsa maza ke zuwa roƙon iri in sun ga yarinya a gida, yau ga mace ta zo ita kaɗai ba ko goro. Zauren ya ɗauki dariya, har da ni da hawayena. Malam Isiya ya bayyana mini abin da na sani tun ina yarinya amma boko ya binne mini shi. A wurinsu ba a hana mai roƙon iri, ko da kun yi faɗa jiya. Ba a aunawa, ba a rubuta wa aka ba, ba a tambayar abin da ya rage a rumbun mai bayarwa. Sharaɗi ɗaya ne, in kaka ta yi ka dawo wa gidan da zangarniya daga abin da ka girbe, don su ga irinsu bai lalace a hannunka ba.

Ya sa aka kawo masa tawada da alƙalami. Na yago masa shafi daga littafina, ya ɗora a gwiwa ya rubuta da ajami, a hankali, yana karantawa a fili. Ya ce Rakiya 'yar Ƙanƙara, wato ni, ta zo roƙon iri, sun ba ta, za ta shuka ta dawo musu da shi, ba za a ƙidaya rumbun kowa ba, ba za a rubuta sunan kowa ba. A ƙasa ya sa sunansa shi kaɗai. Na tambaye shi ko ba ya tsoron sunan nasa a takarda, ya ce nasa ba wanda bai san shi ba, na mutanensa ne ba zai bayar ba. Matarsa ta aiko da gajera ƙulle a tsumma, ba ta fi cikin tafi biyu ba. A hanyar dawowa hadari ya haɗu, aka yi yayyafi ɗigo-ɗigo har ƙamshin ƙasa ya tashi, sai ya tsaya. A mota na sha ruwa, da dabino biyu da wata mata ta miƙo mini daga baya.

Laraba da safe na ajiye wa Farfesa takardu uku. Ya ɗauki ta Tafoki ya juya ta sama ya juya ta ƙasa. Ya ce wannan ba samfurin gidauniya ba ne, babu ma kalmar bincike a cikinta. Ya sassauta murya ya ba ni shawara irin ta uba, in buga samfurin a kwamfuta in samu wani ɗan yankin a tasha ya dangwala yatsa, wa zai sani. Na ce ni zan sani, kuma ba zan sa yatsan wani a ƙarƙashin maganar da mutanen suka ƙi ba. Na ɗauki takardata na fita ba sallama, abin da har yau nake jin ban kyauta ba, amma ban yi nadama ba.

Ranar Alhamis wani abokin aiki a sashen Hausa ya mayar da ajamin boko, ya fassara shi Turanci, ya buga hatimin sashensu. Ni kuma na koma kan furofozal na yi masa fiɗa. Na cire jerin sunayen magidanta, na cire ƙidayar rumbuna, waɗanda su ne ƙashin bayan aikin a idon masu duba takardu. A madadinsu na rubuta yadda ake roƙon iri da yadda ake mayar da shi, na ce haka zan yi aiki a duka wuraren uku, na faɗi dalili ba ɓoye-ɓoye. Na san na raunana takardar da hannuna. Juma'a ƙarfe takwas na zauna a bencin ƙofar Farfesa. Ya shiga ya gan ni, ya fita taro ya gan ni, ya dawo ya gan ni, ban ce masa uffan ba sai gaisuwa. Ana shirin tafiya masallaci ya kira ni ciki, ya ja takardar ya sa hannu.

“Dakta Rakiya, za su ƙi ki,” in ji shi.

Na ce, “Su ƙi ni da sunayen nan a kai, ranka ya daɗe.”

Yanzu malamanmu daga waya suke tura furofozal suna kwance. Ni a shagon mai janareta na tura tawa bayan an sauko daga Juma'a, intanet yana tafiyar hawainiya, ya katse sau biyu, gumi yana ɗiga daga haɓata a kan madannai. Saura ƙasa da awa guda a rufe ta shige. Na fito na zauna a bakin shagon.

Washegari Asabar na ari sungumi na tafi gonar gwaji ta jami'a. Akwai wata kusurwa mai tsakuwa da ba mai so, na roƙi mai kula da gonar ya bar mini ita. Ban jira amsar gidauniya ba, ban jira ruwa ba, na yi binne da azumi a bakina, ina sara ina jefa ƙwaya uku-uku ina takewa da diddige. Kwana tara ƙasa tana toya ƙwayoyin nan ina lissafin asara. A kwana na goma da la'asar hadarin ya yi abin da ya daɗe yana alkawari, aka tsuge da ruwa har kwatoci suka cika, na tsaya a barandar ofis feshi yana jiƙa ni na ƙi matsawa. Bayan tsiro ya fito sai ruwan ya ɗauke mako biyu. Masarar abokan aikina ta yi yaushi ta kwanta, gajera kuwa ta naɗe ganye ta tsaya, yadda Gwaggo ta faɗa. Suna wucewa suna tsokanata, wai ga gonar Dakta mai tallafin Allah.

Amsar gidauniya ta zo dawa tana bunƙasa. Layi biyu ne: wuraren ba sa shiguwa, kuma hanyar aikin ba ta da alƙaluman da za a dogara da su. Ba zan yi ƙarya ba, ta yi mini ciwo ƙwarai, na rufe ofis na yi kuka mai isata. Farfesa bai ce mini ai na gaya miki ba, wannan na yaba masa. Da kaka na girbe abin da tsuntsaye suka bar mini, dami biyu da ɗan kai, na zaɓi manyan zangarniyoyi na rataye a wani ɗakin ajiya, sauran na sussuke na zuba a duro da toka. Na shirya in kai wa Malam Isiya nasa, sai hanyar ta ƙi. Direbobi suka ce ko nawa zan biya ba sa zuwa, lambar Sale ta daina shiga. Alkawarin ya zauna mini a wuya duk tsawon rani.

Da bazara ta zagayo, wata ranar Litinin ina duba takardun jarrabawa, sakatariyar sashe ta leƙo ta ce wani tsoho yana nemana tun safe, ya ƙi zama a kujera. Na fito na ga Malam Isiya. Ya rame har rigar ta yi masa yawa. Abin da ya sha samun wasu ya same su bayan kaka, mutanen daji sun far wa garin, rumbunansa sun tafi, ɗan abin da suka tsira da shi sun cinye a Ƙanƙara inda suke zaune a gidan wani ɗan'uwa. Gwaggo ce ta kwatanta masa inda nake. Ya tuɓe takalmansa a ƙofar ofishina, ya durƙusa a kan siminti, mutumin da duk ƙasarsu daga hannunsa ake karɓar gajera.

“Dakta, roƙon iri na zo.”

Na ce, “Baba, don Allah tashi. Ni ce na makara da kawo maka naka.”

Na kai shi ɗakin ajiyar. Ya ciro zangarniya ɗaya ya murje ta a tafinsa, ya hure ƙaiƙayin, ya jefa ƙwaya a baki ya ciza. Ya ce ita ce, ba ta gauraya ba. Na buɗe duron na fara zuba masa a buhu, da ya ga na kusa juyewa duka ya riƙe hannuna ya ce rabi ya zauna a wurina. Ina ɗaure bakin buhun na tambaye shi a ina zai shuka, ko an ba shi aron gona a Ƙanƙara. Ya dube ni kamar na tambayi abin da kowane yaro ya sani.

“Gonata mana. Jibi ni ka binne, ruwa ya kusa.”

Na san hanyar, na san abin da ke kanta, kuma ban ce masa kada ya je ba. Na ɗora buhun a motata na kai shi tasha, na tsaya har motar ta cika ta tashi.